Littafin makaranta ya ɓata: a biya, amma kar a kori yaro

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan wata 'yar takarda ce da ke shiga gidaje a ƙauyukan Kano da Jigawa duk ƙarshen zangon karatu. Yaro zai dawo ya miƙa wa mahaifinsa, a ciki hedimasta na cewa littafin Lissafi ko na Turanci da aka ba shi aro bai dawo ba, a kawo shi ko a kawo kuɗinsa. Amsar da aka fi ji daga iyaye ita ce: "Ba an ce ilimi kyauta ne ba?"

Gaskiya ne an ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, kuma ta lissafa littattafai cikin abin da ba a karɓar kuɗinsa a makarantun gwamnati. Har hukunci ta tanada ga wanda ya karɓa: tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Shi ya sa za ka ga littattafan da hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, da ta jiha, SUBEB, ke rabawa ɗauke da tambarin cewa ba na sayarwa ba ne.

To amma Malam, amfani da littafin ne kyauta, ba a mallaka wa ɗanka shi ba. Yaran da za su shigo ajin baɗi shi suke jira, wataƙila ma ƙanin wanda ya ɓatar yana cikinsu. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin ƙauye ya ga yadda yara ke haɗa kai a kan littafi ɗaya, na gefe na miƙa wuya. In guda ya salwanta, ba gobe za a aiko da wani daga Dutse ko Kano ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba kowane littafi ne ya ɓata ba. Wani yana ƙarƙashin katifa, wani yaya ya tafi da shi birni, wani kuwa an yayyage shi an ƙunshe ƙosai da balangu ranar kasuwa, don an raina shi da sunan kayan gwamnati.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan a babin aro. Abin da ake iya ɓoyewa, irin tufa ko littafi, wanda ya ara shi zai biya in ya ce ya ɓata, sai fa in ya kawo shaida cewa ya halaka ba da sakacinsa ba. Wannan togaciyar na da muhimmanci a wurinmu. A daminar 2022 ambaliya ta cinye gidaje a yankunan Ringim, Auyo da Haɗeja. Mutumin da ruwa ya rushe wa ɗaki da rumbu, duk gari shaida ne, bai kamata a aika masa takardar kuɗin littafi ba. Haka wanda gobara ta shafa.

In takardar ta zo maka, kada ka fara da duka, kada kuma ka jefa ta a wuta. A bincike gida tukuna. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa makarantar, ka ce a nuna maka rajistar da aka rubuta sunan yaron ranar da ya karɓa. Sau da yawa yaro ya mayar, malamin aji ne bai soke sunansa ba, ko an canza wa malamin wurin aiki ya bar lissafi a dagule. In babu rubutu, makaranta ba ta da hujjar bin ka bashi. In akwai, ka amsa, ka nemi sauƙi. Ni a ganina mafi tsabta shi ne ka sayo irin littafin ka miƙa hannu da hannu, ko da na hannu ne mai kyau, don littafin yara ke bukata, kuɗi kuwa yakan bi wata hanya. In kuɗin za ka bayar, a ba ka rasit, shugaban kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, ya sani. Littafin da ya shekara uku yana yawo a hannun yara ba a yi masa kuɗin sabo. Wanda ba shi da hali yanzu, a ɗaga masa zuwa kaka, ya sayar da gero ko riɗi ya biya.

Yanzu gare ku, hedimastoci. Mun san ana tambayarku lissafin kayan da aka ba ku, kuma neman littafin haƙƙinku ne. Amma ku ji tsoron Allah, kada ku kori yaro daga aji, kada ku kira sunansa a taron safe ku kunyata shi, kada ku riƙe masa sakamakon jarrabawa ko takardar shaidar kammalawa. A ƙauye, uban da dama yake ɗari-ɗari da boko, in aka koro masa 'yarsa kan kuɗin littafi, ba zai zo neman sulhu ba. Zai ce ta zauna, gobe ta ɗauki farantin talla, kuma ba za ku sake ganinta ba. Bashin nan tsakanin manya yake. Ku kira uban, ku sa mai unguwa ko liman a tsakani, yarinya na cikin aji tana karatunta har a gama maganar. In abin ya gagara, ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana nan, kowane ɓangare na iya kai kukansa can.

A huta lafiya.