Duba Kayan Lantarki a Wurin Sana'a da Takardar Shaidarsa

An ciro wannan rubutu ne daga faifan laccar da wani injiniyan lantarki ya gabatar ga masu ƙananan masana'antu da masu aikin waya a Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da kuka taso daga Panteka da Kakuri da Kudenda, na gode da kuka ajiye aikinku kuka zo.

Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin duba haɗin lantarki da gwada shi da ba da takardar shaida a ƙasar nan ita ce NEMSA, wadda aka kafa da dokar shekarar 2015, kuma shugabanta ne ke riƙe da muƙamin Babban Sufeton Lantarki na Tarayya. Da yawa cikinku kuna haɗa aikinta da na hukumar SON, alhali ba ɗaya ba ne. SON tana kula da ingancin waya ko soket yadda ya fito daga kamfani, amma wayar da ta cika ƙa'ida tana iya zama ajalin mutum idan aka ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta, ko aka bi da ita ta inda ruwa ke kwanciya. Shi ya sa dole sufeto ya tako da ƙafarsa ya ga abin a inda yake aiki.

Idan ya zo, da ido yake farawa. Zai duba kaurin waya ya kwatanta da nauyin da ke kanta, ya nemi inda roba ta narke ko soket ya yi baƙi, sannan ya buɗe akwatin fiyus. Na taɓa shiga wani gidan niƙa na tarar an cire fiyus an ɗaure gurbinsa da wayar jan ƙarfe mai kauri, mai wurin kuma yana yaba wa yaronsa cewa tun da aka yi haka wuta ba ta ƙara yankewa ba. Gaskiya ya faɗa, ba za ta yanke ba, domin yanzu wayar da ke cikin bango ce za ta yi zafi ta ƙone a madadin fiyus ɗin.

Bayan ido sai na'ura. Ana kashe wuta, a tura bolt 500 cikin wayoyin don a auna lafiyar robar da ta rufe su, kuma a layin bolt 230 ko 400 irin namu, sakamakon da bai kai megom 1 ba, wato ma'aunin yadda robar ke hana wuta yoyo, faɗuwa ne. Ana kuma gwada ko jikin kowane inji yana haɗe da wayar ƙasa. A nan nake roƙon ku bambanta bireka iri biyu. Bireka na yau da kullum waya yake karewa, ba ya motsi sai wuta ta haura amfiya 20 ko 32 da aka rubuta a jikinsa, alhali abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba. Wanda ke kare rai shi ne bireka mai gano yoyon wuta, na miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya guda, wanda ke yankewa kafin ƙiftawar ido. Duk inda ake walda ko wankin mota ko markaɗe, ni a ganina rashinsa kaɗai ya isa a hana takarda.

Sai sandar ƙasa, wato sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a haɗa ta da wayar ƙasa, wadda nan ne yanayin Kaduna ke yaudararmu. Sandar da aka auna a watan Agusta, ƙasa na jiƙe sharkaf, za ta ba da sakamako mai kyau, amma a dawo a watan Maris bayan hunturu ya busar da jar ƙasar nan, sai a tarar da wani lissafi dabam. Don haka nake ba da shawarar a yi awon da rani, kuma a kafa sandar ta yi zurfi har inda danshi ke zama.

Kusan kowane shago yana da janareta ko sola. Wanda ya haɗa janareta ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa tana iya komawa kan layin waje, ta bi ta taransifoma ta ƙaru, ta ja ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton an kashe layin.

Game da takardar shaida kuwa, abin da take faɗa shi ne yadda aka tarar da wurin a ranar da aka duba. Idan bayan wata biyu ka ƙaro injin walda, ko ka ja waya zuwa sabuwar rumfa, takardar ba ta san da su ba, sai an sake gwaji. Kada ku karɓi wadda babu alƙaluman awo da kwanan wata a jikinta, kuma ku nemi mai aikin wayarku ya nuna muku lasisinsa kafin ya taɓa akwati. Na ga Alhaji a baya ya ɗaga hannu tun ina maganar sola, bismillah, a miƙa masa lasifika.