Reshen Jeji a Kan Saiwar Gida

An rubuto wannan ne daga laccar da wani malamin Littafi Mai Tsarki ya gabatar a taron nazari a Zuru, jihar Kebbi.

Iyayena maza da mata, 'yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku. A Romawa 1:16 manzo Bulus ya ce bishara ikon Allah ce domin ceton duk mai ba da gaskiya, Bayahude da farko, sa'an nan wanda ba Bayahude ba. Mukan riƙe "duk" mu tsallake "da farko", alhali Yesu Bayahude ne, manzanninsa Yahudawa ne, alkawarin kuma tun Ibrahim aka yi shi, lokacin da aka ce masa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Waɗanda Littafi yake kira al'ummai kuwa mu ne, Bahaushe da Badakkare da Bature duka.

Buɗe ƙofar bai zo da sauƙi ba. A zamanin manzanni, Haikalin Urushalima yana da shingen dutse da rubutun da ke gargaɗin baƙo, wato wanda ba Bayahude ba, cewa in ya ƙetare, jininsa yana kansa. An gano ɗaya daga cikin duwatsun a 1871, yana ajiye a Istanbul har yau. Wanda ya tashi yana ganin wannan shinge ba zai shiga gidan Baroma ya zauna a tabarmarsa cikin sakin jiki ba. Shi ya sa a Ayyukan Manzanni sura 10 sai da aka nuna wa Bitrus wahayi har sau uku a Yafa, a gidan Saminu majemi (duk wanda ya taɓa ratsa majema ya san warin da Bitrus yake kwana da shi), kafin ya yarda ya tafi Kaisariya wurin Karniliyus, hafsan sojan Roma. Bai gama magana ba Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa mutanen gidan.

Ku lura da ƙarar da aka yi masa da ya koma Urushalima. Ba wa'azin aka fara tuhuma ba, cewa aka yi ya shiga wurin marasa kaciya ya ci abinci da su. A ganina nan ne ƙashin bayan zancen, domin gayyata daga nesa ba ta da tsada, sa hannu a akushi ɗaya ne yake tona zuciya. Bitrus ɗin nan ma ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya da wasu baƙi suka zo, har Barnaba, abokin aikin Bulus, ya bi sahunsa, Bulus kuwa ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa. Taron manzanni da dattawan ikilisiya a Urushalima, wajen shekara ta 49, ya yanke cewa ba za a ɗora wa al'ummai kaciya ba, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci.

Yanzu mu je lambu, tunda yawancinmu manoma ne. Mai yi wa mangwaro aure yakan tsaga ƙaramin dashen gargajiya, ya cusa reshen iri mai kyau, ya ɗaure da leda har su kama juna. Kullum reshen ne mai daraja, gindin kuwa ɗan dako ne. A Romawa 11 Bulus ya juya abin da gangan: reshen zaitun na jeji, wato al'ummai, aka ɗauko aka aura wa itacen gida, wato Isra'ila, shi da kansa ma ya ce wannan ya saɓa wa yadda aka saba. Saboda haka ya gargaɗi reshen kada ya yi wa rassan asali da aka sassare, wato Yahudawan da ba su ba da gaskiya ba, fariya, domin ba shi ne yake ɗauke da saiwar ba, saiwar ce take ɗauke da shi.

Na sha jin ana cewa Allah ya gama da Yahudawa, ya ba mu gurbinsu. Bulus ya yi wannan tambaya da kansa a farkon surar, ya amsa da a'a, ya kuma kafa hujja da cewa shi ma Ba'isra'ile ne daga kabilar Biliyaminu. Ya ce an sassare wasu rassa saboda rashin bangaskiya, mu ma ta bangaskiya kaɗai muke tsaye, kuma in har reshen jeji ya iya kamawa, mayar da reshen asali a kan itacensa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.