Lacca: Yadda Ja Yake Ƙara Wa Leda Ƙarfi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da 'yan uwa masu sana'ar leda da sunka zo daga Tsohuwar Kasuwa, sannunku da zuwa. Abu uku zan taɓa.

Na farko, ledar fiya wata da ke hannunku, sunan robarta foliyetilin, kamfanin sinadarai na ICI ya gano ta a Ingila a 1933. Cikinta sarƙoƙi ne dogaye na ƙwayoyin kabon, dubbai a jere. Haɗin kabon da kabon yana da ƙarfi ƙwarai, amma riƙon da ke tsakanin sarƙa da maƙwabciyarta rarrauna ne. Ku riƙe wannan, don nan maganar take.

Na biyu, in roba ta narke ta daskare, sarƙoƙin a cukurkuɗe suke. Ka ja ta, sai su zame wa juna. To in an ɗumama ta anka ja a hankali, sai su miƙe, su kwanta gefe da gefe, nauyin ya koma kan haɗin mai ƙarfi. Wanda ya ga kakarsa tana kaɗi ya san wannan: auduga sai ka yage ta da yatsa biyu, in ta zama zare sai ka sa haƙori. Ba a ƙara komai ba fa. Ko garin magani ba a zuba ba! Auduga ja da murɗi kawai, leda kuwa ja kawai. Malam na baya, ja taka mu gani. Ka ji ta yi tauri inda ta miƙe? A sha ruwan tukuna, jama'a, kada a jiƙa na gaba.

Matsalar ja ta gefe guda, ledar tana tsagewa a tsaye. Shi ya sa masana'antu ke ja ta tsawo da faɗi, kamar ninki uku zuwa huɗu kowane gefe ga robar PET, wadda ake yin gorar ruwa da ita. Ledar biskit ma ja biyu ake mata. Na ukun kuwa...

Na'am, Hajiya? Tana tambaya don me gorar ruwa ke motsewa in an zuba mata tafasasshen ruwa. Madalla. Gorar ma ja anka yi mata da iska. Robar PET tana laushi wajen digiri 70, daga nan sarƙoƙin sai su nemi komawa cukurkuɗe. Zafin Sakkwato na Afrilu yana wuce 40, bai kai nan ba. Amma kunun zafi, Hajiya, a bari ya huce kafin a ɗura.