Gammo da mashi biyu: abin da Baba Soja ya ɗauko daga Bama

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi wannan ɗan ƙyallen da ke tafin hannuna. Zanen da ke jikinsa mashi biyu ne a gicciye bisa gammo. Gammo dai da kuka sani, wanda ake naɗewa a aza a ka kafin a ɗora tulu. A akwatin ƙarfen kakanmu na tsince shi, tare da takardar sallamarsa daga soja da lambobin yaƙi da suka dushe. Mu jikoki Baba Soja muke ce masa, mutanen gari kuma su ce ɗan mazan jiya. Sai bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, na gane cewa wannan gammon shi ne tarihinsa.

Alama ce ta Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. Tana da 'yar'uwa, Runduna ta 81, mai alamar baƙin gizo-gizo. Sojojinsu daga Nijeriya ne da Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, da Saliyo da Gambiya. Ba Jamusawa aka tura su yaƙa ba. Japanawa ne, waɗanda suka ƙwace ƙasar Bama a 1942 suka tsaya a ƙofar Indiya. Bama ita ce Myanmar ta yau.

Yaya aka yi manomi ya tsinci kansa a can? Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa neman samari. Wani ya tafi don albashi, wani don kaki ya burge shi, wani kuwa sunansa kawai aka kira a ƙofar dagaci, ba a tambayi ra'ayinsa ba. Kakanmu yana cikin na ƙarshen nan. Ya zama kurtu, ya koyi fareti, ya koyi Hausar bariki, wadda ta daɗe tana haɗa Bahaushe da Batibi da Babarbare da hafsan Bature a sahu guda. Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai jirgin ruwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi ba.

To, me ya kawo gammo cikin alamar soja? Yankin Arakan na yammacin Bama, inda aka kai su, duwatsu ne da ƙungurmin daji da rafuka marasa iyaka. Mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari sai ya tsaya. Shi ya sa aka tanadi rukunoni na musamman na sojojin dako. Su ne ke ɗaukar harsashi da abinci da na'urar oba-oba da sassan igwa a ka, su sare hanya da adda, su ɗauko wanda aka harba a makara. Jirgin sama ya jefo kaya da laima, su bi daji su tattaro. Da yawansu ba a ba su bindiga ba, amma harsashin da ke neman mai bindiga shi ne ke neman su. Kakanmu ɗaya ne daga cikinsu.

Ina yaro na taɓa tambayarsa: “Baba, mutum nawa ka harbe a Bama?” Ya daɗe yana kallona, sannan ya kama hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa, inda gashi ya daina fita. Ya ce: “Ɗan nan, ni kaya na ɗauka.” A lokacin na ji kamar ya rage mini wani abu. Yau kuwa ina ganin babu aikin da ya fi nasa nauyi a wannan yaƙin, domin rundunar da ba a kai mata abinci da harsashi ba ta gama yaƙi tun kafin ta ga abokin gaba.

A Disamba 1944 rundunarsu ta shiga fage ta kwarin Kalapanzin. A Janairu 1945 ita da ta 81 suka haɗu suka kama Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Daga nan suka nausa kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk. In sunayen nan sun yi muku kama da waɗanda kuka sani, ba kuskure kuka yi ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Letmauk a Badun, Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, duk daga wannan yaƙin aka samo su. Muna wucewa ta gabansu kullum ba mu san filayen da kakanninmu suka zubar da jini ba ne.

Shi kansa Baba Soja bai cika ambaton faɗa ba. Abin da yake yawan faɗi shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke maƙale wa mutum a ƙafa, da zazzaɓi da atuni da suka kwantar da mutane bila adadin.

Sauran labarin a bakin kakarmu na ji shi, Inna, kuma a nan ne nake so ku saurara da kyau. Ya tafi ya bar ta da ciki. Ta haihu, aka yi suna ba uba a wurin. Gonarsa ƙaninsa ne ya riƙa nomawa, shekarar da abin ya yi masa yawa ita ta shiga da fartanya. Wasiƙa takan zo jefi-jefi, magatakarda ya rubuta masa, a nan ma sai an nemi mai karantawa. Labarin yaƙi kuwa sai wanda ya samo jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ya karanta wa jama'a a dandali. Akwai lokacin da aka yi wata da watanni shiru, har dangi suka fara raɗe-raɗin cewa ya kamata a kai maganar aurenta gaban alƙali. Ta ce: “Ni ban ga gawar Malam ba.” Babu lambar da aka ba Inna, babu takardar da ta ambaci sunanta, amma shekarun nan ta ɗauke su a ka kamar yadda ya ɗauki nasa kayan.

Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, amma sai 1946 ya dawo. Mahaifina, wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ruga ya ɓuya a bayan Inna yana kuka. Kuɗin sallamar da aka ba shi bai daɗe ba. Takardun gwamnatin Ingila da 'yan jarida suka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa sojan Afirka yakan samu kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Bature mai muƙami irin nasa ke samu. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan kira shi. Ya koma gona, daga baya ya yi gadi. Inna ta ce ya shekara biyu in aka yi tsawa da dare sai ya zabura ya fita tsakar gida.

In akwai irin wannan akwatin a gidanku, ku fara da takardar sallama, domin lambar sojan tana jiki, da ita ake bin sawu. Lambar yaƙin da ake kira Tauraron Bama, mai kirtani ja da shuɗi da ruwan lemo, ba a zana sunan mai shi a bayansa, don haka kada ku raba shi da takardar. Wanda nasa bai dawo ba ya duba shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel a intanet. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai namu a ciki.

Akwai wani amininsa da Baba yake sa wa a addu'a bayan kowace sallar asuba, wanda ya ɗauko a makara ya cika kafin su kai bakin rafi. Na rubuta sunan a shafin nan, na same shi, da lambarsa da ranar rasuwarsa a 1945. Na karanta wa mahaifina, ya ce in sake karantawa a hankali.