Yadda Kogin Nilu yake yanka wa manoma haraji a zamanin Fir'auna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Aswan, can kudancin Masar, a kan tsibirin Elefantin da ke tsakiyar Kogin Nilu. Bari in juya muku kyamara.

Kun ga matakalar dutsen nan da ta gangara har cikin ruwa? Ku dubi tsage-tsagen da ke jikin bangonta. Da su mutanen dauri suke auna tashin kogi, kamu-kamu.

Garin nan sai a shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Daminar Masarawa a tsaunukan Habasha take sauka. Ruwan ya biyo Shuɗin Nilu daga tafkin Tana, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, ya miƙo arewa. Wajen watan Yuli sai kogi ya fara cika, zuwa Satumba ya shanye gonaki, sannan ya janye ya bar baƙar laka. A cikinta ake shuka alkama da sha'ir, ba ruwan manomi da neman taki. Wanda ya taɓa noman fadama a yankin Haɗeja ya san abin da nake nufi.

To ina ruwan hukuma da auna kogi? Haraji! A lokacin ba a san kuɗin tsaba ba, da hatsi ake biya. Tun ba a yi shuka ba, marubutan sarki sun ƙiyasta abin da gonaki za su bayar, daga inda ruwa ya tsaya a bango. In ya gaza, yunwa na tafe, sai a dubi rumbunan gwamnati. In ya wuce kima, ya narkar da gidajen laka, ya kwashe dabbobi. Kuma in ya janye yakan tafi da iyakokin gonaki, sai ma'aikata su fito da igiya a sake awo. Ni a ganina, wanda ke riƙe da igiyar nan ya fi soja ƙarfi a ƙauye.

Har shekararsu kogin ne ya raba ta uku: lokacin ambaliya, lokacin shuka, lokacin girbi, kowanne wata huɗu. Wata 12 masu kwana 30, su ƙara kwana 5, ya zama 365.

Yanzu ku dubi kwale-kwalen can mai farin ƙyalle. Ba inji, amma kudu ya nufa, yana saɓa wa ruwa. Iskar ƙasar nan daga arewa take busowa, ruwa kuwa arewa yake tafiya. Mai zuwa kudu ya ɗaga ƙyalle, mai dawowa ya naɗe abinsa ya bi ruwa. Da haka aka kwashi jan dutse daga nan Aswan, tafiyar kilomita kusan 800, aka gina ɗakin sarki a cikin dalar Fir'auna Khufu da ke Giza, kusa da Alƙahira, sama da shekara 4,500 da suka wuce. A 2013 an tono takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a Wadi al-Jarf da ke gaɓar Bahar Maliya, waɗanda a cikinsu ya riƙa rubuta yadda suke jigilar farin dutse daga mahaƙar Tura da ke tsallaken kogi zuwa Giza ta jirgin ruwa.

Ambaliyar dai yanzu babu ita. Tun da aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970, lakar tana kwanciya ne a tafkin Nasser da ke bayan madatsar. Manomi ya samu noma fiye da sau ɗaya a shekara, an samu lantarki, amma takin zamani sai ya saya.

Mai kwale-kwalena yana ɗaga mini hannu. Za mu tsallaka mu je mahaƙar dutsen, akwai wani ginshiƙi mai tsawon mita kusan 42 da ya tsage ana cikin sassaƙa shi, aka bar shi kwance a wurin har yau. Ku biyo ni.