Faifai a hannu, wasa a intanet: hira daga shagon gem a Kano

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Waɗanda suka saba kallona sun san daga Ingila nake magana, amma yau kuna jin ƙarar adaidaita sahu da ta janareta, to gida na zo, a Kano nake. Nan ta bayan Zoo Road ne, shagon gem na ƙanina. Tun ina can kuke ta aiko min da tambaya kan sabuntawar da wasanni ke nema ba dare ba rana, da haɗin na'ura da wasa da ake sayarwa a kwali ɗaya, da kuma taswirori, wato filayen cikin wasa, da ake saukewa don fafatawa da jama'a ta intanet. Da gangan na riƙe amsar sai na zo nan, domin a can ba a jin nauyin maganar yadda ake jin sa a gida.

Bari in juya kyamara ku gani. Talabijin huɗu ne a jere, uku da PS4, ɗaya da PS5. Gaban ukun nan ba masaka tsinke, ƙwallo ake bugawa, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Ta huɗun kuwa, wadda ta fi kowacce tsada, benci ne kawai a gabanta. Ku dubi allon. Wani siririn layi ne yake jan jiki, wasan harbi ne ke sauke sabuntawa tun da hantsi. Ga 'yar rauta, na'urar da ke kamo intanet, can an ɗora ta a kan taga an tokare da kwalin ashana, wai nan ne sabis ya fi kamawa. Ɗazu ƙanina yake ce min, "Yaya, in layin nan bai cika ba kafin la'asar, yau talabijin ɗin nan ba ta kawo ko sisi ba, ga man da inji yake sha."

Mu da muka tashi da PS2, wadda ta fito a 2000, mun san wani zamani dabam. Ka saka faifai, ka soka memori mai mega 8, ka ɗauki hannu, shi ke nan. Abin da ke cikin faifan shi ne wasan, daga farko har ƙarshe. Ban ce zamanin ba shi da aibu ba. In wasa ya fito da matsala, da ita za ka zauna har faifan ya karce. Shi ya sa ba na cikin masu cewa sabuntawa gaba ɗayanta sharri ce. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da kurakurai, musamman a PS4, har Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation (PS), ta cire shi daga shagonta na intanet, bai koma ba sai Yunin 2021. Gyare-gyaren da aka yi ta aikowa ne suka mayar da shi wasan da ake yabo yau. No Man's Sky ma da ya fito a 2016 ya sha zagi, masu shi suka yi shekaru suna ƙara masa abubuwa kyauta har mutane suka dawo. Wannan alheri ne, ba na musu.

Damuwata ita ce, ƙofar da aka buɗe don gyara ta zama ƙofar sakaci. Tunda kamfani ya san zai iya aiko da sauran aiki daga baya, sai ya fitar da wasa bai nuna ba. Abin ya wuce nan ma. A 2022, waɗanda suka sayi faifan Call of Duty: Modern Warfare II suka duba suka ga abin da ke kansa mega 72 ne kacal. Faifan da zai iya ɗaukar giga da dama, an buga shi, an saka a kwali mai kyau, an karɓi cikakken kuɗi, amma wasan ba ya ciki. Sai ka hau intanet ka sauke shi dungurungum, gomman giga, da ƙarin da ke biyo baya ya haura ɗari.

Mutumin Ingila bai cika jin zafin wannan ba. Intanet ɗin gida can kuɗin wata ake biya, ba a ƙirga maka giga. Ka bar na'ura cikin yanayin barci ka kwanta, kafin gari ya waye ta gama komai, kai ba ka ma san an yi ba. Waɗanda ke tsara wasannin nan irin wannan gidan suke hangowa. A Kano fa? Data awo ake sayar da ita, kuma tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, awon ya ƙara tsada. Yanayin barcin ma wuta yake so. In aka ɗauke ta a tsakiyar dare, da safe na'ura za ta tarbe ka da gargaɗin cewa ba a kashe ta yadda ya dace ba, ta tsaya duba ma'adanarta kafin ta buɗe. Mai shago dole ya tashi inji, ga fetur yadda ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023, ko kuma ya zuba kuɗi a sola da batir. Wato wasa ɗaya, mutumin Landan ya biya sau ɗaya, mutumin Kurna ko Ɗorayi ya biya kuɗin faifai, ya biya na data, ya biya na mai. Kuma ba biyan rana ɗaya ba ne, duk sanda kamfani ya ga dama ya aiko da sabuwa, ba za ka shiga fagen intanet ba sai ka karɓa.

Ga kuma wurin ajiya. PS5 ta farko giga 825 aka rubuta, amma abin da ke hannunka wajen 667 ne. Manyan wasanni kaɗan sun cinye shi. A PS4 ma akwai wannan kwafin da take yi bayan ta gama saukewa, wanda wani lokacin ya fi saukewar daɗewa, kuma sai ka goge wani wasan kafin ta sami sararin yin sa. Wanda ka goge kuma, ranar da yara suka nema, wata datar ce.

To mu zo kan taswira, inda ra'ayina ya rabu biyu. 'Yan baya-bayan nan ba su ga lokacin da ake sayar da filin fafatawa ba. A 2010 an fitar da ƙarin taswirori biyar na tsohon Call of Duty: Modern Warfare 2, ba na 2022 da na ambata ba, wanda aka sa wa suna Stimulus Package, a kan dala 15, kuma biyu daga cikinsu tsofaffi ne da aka ɗauko daga wasan da ya gabata. Masu Xbox suka riga masu PlayStation samu da wajen wata guda saboda yarjejeniyar kuɗi, daga 2015 kuma abin ya juya, masu PlayStation suka koma gaba. Abin da ya fi ɓata min rai a wancan tsarin shi ne raba abokai. Ku huɗu kuna buga wasa tare kullum, uku sun saya, ɗaya ba shi da hali, sai a wayi gari akwai filin da ba zai bi ku ba. Wasan da aka yi don haɗa mutane ya koma tantance mai kuɗi da marar shi.

Daga Modern Warfare na 2019 aka daina wannan, taswirori suka zama kyauta ga kowa, kamfani ya koma neman kuɗinsa a kayan ado, rigunan 'yan wasa da fentin bindiga da tikitin zango, wanda ake saya lokaci zuwa lokaci don samun kyaututtuka cikin wasa. Na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari, kuma har gobe ina goyon baya. Wanda yake son ado ya saya, wanda ba ya so ba a kore shi daga fili ba. Sai dai ku lura da wani abu. A da in ba ka son taswira, ba ka saya, ba ka sauke. Yanzu ko kana so ko ba ka so sai ka sauke, har da rigunan da wani yaro a Amurka ya saya, domin na'urarka tana bukatar hotonsu kafin ta nuna maka shi in kun haɗu. Kuɗin bai ɓace ba, daga aljihun mai saye ya koma kan datar kowa.

Kuma ba wai babu mafita ba. A 2005 an tattara ƙarin taswirori tara na Halo 2 a faifai aka sayar a shaguna, don wanda ba shi da intanet mai ƙarfi ya samu. Yau ma Sony ta yarda ka sauke sabuntawar na'urar kanta a kwamfuta, ka zuba a filashi, ka soka. Me ya hana a buɗe irin wannan hanya ga wasanni? Da mutum ɗaya a kasuwar waya ta Farm Centre ya sauke, da duk shagunan gem na Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi sun ɗauka a wurinsa. Sun san yadda ake yi, lissafinsu ne bai zo kanmu ba.

Ƙwallo ma ba ta tsira ba. A Satumban 2021 kamfanin Konami ya ajiye sunan wasansa na ƙwallo PES ya fito da eFootball, kyauta ne amma babu faifai, kuma ya fara da ƙungiyoyi 'yan kaɗan. Shi ya sa har yanzu in ka leƙa shaguna da yawa PES 2021 za ka tarar, ana zuba masa sababbin riguna da 'yan wasa ta filashi. Yaran nan da kuke gani ba ruwansu da sabon suna, su dai hannu ya yi kyau, kada wuta ta katse ana tsakiyar wasa.

Saura haɗin kwali, kuma nan nake so iyaye su saurara da kyau. Jiya wani dattijo ya shigo da ɗansa, yaron rungume da kwalin PS5 da aka kawo masa tsaraba daga Dubai, da hoton wasan ƙwallo ɓaro-ɓaro a jiki. Sun zazzage kwalin a gida ba su ga faifai ba, dattijon ya zaci a hanya aka zare. Ƙanina ya laluba cikin takardun ya zaro wata 'yar takarda ya ce, "Baba, ba a cuce ku ba, ga wasan nan." Lambobi ne a jiki kamar na katin waya, ka shigar sau ɗaya sun mutu. Dattijon ya juya takardar gaba da baya ya ce, "Yanzu ɗan nan, wannan ce aka ƙara wa kuɗi?" Ba a nan ta tsaya ba. Wani abokin yaron ya riga ya buɗe masa asusu da adireshin Amurka, lambobin kuwa na yankin da aka sayo na'urar ne, suka ƙi shiga. Sai da aka buɗe sabon asusu da ya dace da yankin, sannan aka fara maganar datar da za ta sauke wasan.

Tushen wannan rikicin shi ne Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe asusun PlayStation. Kowa ara yake yi, wannan Amurka, wancan Ingila, wani Afirka ta Kudu, sannan a nemi katin kuɗin da ya dace da ƙasar. Faifan wasa zai yi aiki a na'urar kowane yanki, amma ƙarin da za ka saya masa, taswira ce ko wani sabon babi, sai yankin asusunka ya yi daidai da yankin faifan. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a wannan gaɓar.

Ni a ganina, ga mutumin Kano faifai ya fi lambobi nesa ba kusa ba, ko da haɗin ya fi araha a ido. Faifai kadara ne. Ka gama da shi ka kai Beirut Road ko Farm Centre ka yi musaya, ko ka ara wa maƙwabci, ko ka sayar ka cika ka sayi wani. Lambobi kuwa sun manne da asusu ɗaya har abada. Kuma kamfanonin a fili suke nuna inda suka dosa. PS5 Pro da ta fito a Nuwamban 2024 fam 699.99 aka sa mata a Ingila, ba ta da wurin saka faifai, sai ka saya dabam, shi ma sai ka haɗa shi da intanet karon farko kafin ya fara aiki. Wanda yake ganin faifan ma kariya ce cikakkiya, ya tuna da The Crew, wasan tseren mota na 2014. Ranar 31 ga Maris 2024 Ubisoft, masu wasan, suka kashe saba, wato babbar kwamfutar intanet da yake dogaro da ita, duk wanda ya saya ya rasa shi, har mai faifai a hannu. Don haka kafin ka sayi kowane wasa, tambayar farko ita ce ko yana buɗewa ba tare da intanet ba.

'Yan'uwana mazauna waje, masu aiko wa ƙanne da 'ya'ya na'ura, ga roƙona gare ku. Na san ana son tsaraba ta iso a liƙe da ledarta, amma ku daure ku buɗe kwalin tun a can. Ku kunna ta a intanet ɗinku da ba a aunawa, ku sabunta na'urar, ku shigar da lambobin, ku sauke wasannin da duk abin da suke nema, ku kunna saitin da ke ba da damar buga su ba tare da intanet ba. Ku rubuta sunan asusun da kalmar sirrinsa da ƙasar da kuka zaɓa a takarda ku saka a ciki. Aikin dare ɗaya ne a wurinku, a nan kuwa kuɗin datar wata guda ne ko fiye. In ta iso, a kashe saukewa ta kai tsaye a cikin saiti, don kada ta shanye datar gida ba da sanin kowa ba. In kuma a nan gida za ku saya, ku sa mai shago ya buɗe kwalin a gabanku, ku ga ko faifai ne ko takarda, ku karanta yankin da aka rubuta a jiki kafin ku ƙirga masa kuɗi.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Farm Centre da kyamara, mu ji ta bakin masu sayarwa da masu gyara kan yadda tsohuwar PS4 da sabuwar PS5 suke tafiya a kasuwa. Sai mun haɗu.