Me Ya Hana Alhaji Hutawa?

Assalamu alaikum, masu kallo. A aikin gwamnati a Najeriya akwai ranar ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta kuwa, dokar 2022 ta kai su 65 ko 40. To amma ku leƙa kasuwar Jega, ko fadamar Argungu lokacin noman rani. Za ku ga dattijo ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, ga gidajen haya, amma da an sallame asuba ya kama hanya.

Wasu sai su ce son kuɗi ne. Ni dai ban yarda ba, ko da akwai masu irin wannan hali.

A wurinmu, wadata ba a auna ta da cikin mutum ɗaya. Shagon nan na shinkafa, yaran shago na ci a ciki, 'yan dako na ci, marayun ƙaninsa na ci, ga direban da ke kai kaya Kamba. Ranar da Alhaji ya rufe, su duka ya rufe wa. Ga kuma naira: tun cire tallafin man fetur a 2023, wanda ya yi lissafin abin da zai ishe shi har ƙarshen rayuwa ya ga lissafin ya rushe, kuma fansho ba ya bin farashin kasuwa.

Sai dai babban dalilin, a ganina, tabarmar ƙofar shagon ce. Nan ake kawo masa gaisuwa, nan ake sasanta rigimar kan iyakar gona, nan yaro ke durƙusawa ya ce, "Baba, a duba mini irin nan, zai yi?" Ya murza ƙwayar a tafin hannu, ya gutsira da haƙori, ya faɗi gaskiya. Wanda aka saba nema kullum, in ya koma zaure ya zauna, wayarsa ta daina ƙara, damuwa kan shige shi tun kafin ciwon ƙafa ya zo.

Shi ya sa da yawa ba sa bari gaba ɗaya, ragewa suke yi. Su miƙa wa babban ɗa makulli da tafiyar saro kaya, su riƙe littafin bashi, domin masu karɓar kaya har yanzu fuskar uban suka sani, kuma kafin su yarda da ɗan sai an ɗauki shekaru.